Idon baƙo da kyamarar waya: Wane Legas 'yan ci-rani ke turo wa gida?

Duk wanda ya taɓa shiga Legas karon farko ta hanyar Ibadan ya san lokacin da hannu ke kai wa aljihu da kansa. Mota ta sauko daga doguwar gada, ta bar kasuwar shanu ta Kara a gefe, ta tunkari Berger, sai ga motocin danfo masu launin ɗorawa sun cika titi maƙil, kwandastoci na rataye a bakin ƙofa suna kiran sunayen unguwannin da baƙo bai taɓa ji ba.

A daidai nan ne matashin da ya kwana biyu a saman tirela, ko ya yini ya kwana a bas daga Kano ko Sakkwato, yake zaro wayarsa. Bai wanke ido ba, bai san inda zai kwana ba, amma ya ɗauki hoto.

Wannan hoto ba abin raini ba ne. Kafin magariba ya isa WhatsApp ɗin 'yan gida, ya shiga hannun ƙanne da abokai, an nuna wa tsohuwa, an kai majalisar mai shayi. Da irinsa ake gina Legas a zukatan mutanen da ba su taɓa taka ta ba. Da irinsa kuma wani yaro yake yanke shawarar barin gona ko makaranta ya bi sahu.

Shi ya sa ya dace a tambaya: wane Legas ake turowa gida, kuma wane ne ake ɓoyewa?

Abin da baƙo ke gani

Abu na farko da ke bugun baƙo a Legas shi ne sauri. Kowa gudu yake yi, kowa da fushi-fushi a fuska, gaisuwa kuma ta zama kamar ɓata lokaci. Wanda ya saba da garin da ake tsayawa a tambayi gida da iyali da gajiya, sai ya ga ya yi sallama an wuce shi kamar bai yi magana ba.

Na biyu shi ne ruwa. Mutumin da ya taso inda ake tafiya mai nisa kafin a samu rijiya, yau ga shi a kan gadar Third Mainland, wadda aka buɗe a 1990, mai tsawon kusan kilomita 12, ruwa hagu ruwa dama. Daga kan gadar yana hango gidajen katako na Makoko a tsaye a kan ruwa, hayaƙin gasa kifi na tashi, can gaba kuma dogayen benayen tsibiri suna ƙyalli. Duniya biyu a hoto ɗaya, ba sai ya juya wayar ba.

Na uku shi ne yawan jama'a. Legas ce jiha mafi ƙanƙanta a faɗin ƙasa a Najeriya, amma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum miliyan 9 da ɗoriya, adadin da gwamnatin jihar ta ƙi amincewa da shi tana cewa ya yi kaɗan ƙwarai. Baƙo ba ya bukatar alƙaluma. Tsayuwar minti goma a Oshodi da yamma ta ishe shi.

Wannan ido na baƙunta wata baiwa ce, sai dai ba ta daɗewa. Bayan 'yan makonni mutum ya daina ɗaga kai idan ya hau gada. Ya daina mamakin mai sayar da burodi da ke bin mota a guje cikin gosulo. Shi ma ya koyi sauri, ya koyi ɗaure fuska. Abin da ɗan gari ya daina gani shekara ashirin da suka wuce, baƙo ne kaɗai ke iya ganin sa, kuma na ɗan lokaci ne. Idan ya ɓata wannan lokaci wajen ɗaukar abin da ba nasa ba, ya yi asarar da ba ta da mayi.

Hoto a gaban motar wani

Mai karatu ya san irin hoton. Saurayi ya sha wanka ranar Lahadi, ya sa tabarau, ya jingina da wata dalleliyar mota a Lekki ko Ikoyi, ko ya tsaya a ƙofar katafaren kanti a Ikeja. Motar ta maigidan da yake yi wa gadi ce, ko ta wani da bai ma san shi ba. Ɗakin da yake kwana, idan ma ɗaki ne, ba ya cikin hoton. Baron da yake turawa daga asuba zuwa dare ba ya ciki. Ruwan saman da ya kore shi daga kan benci da tsakar dare ba ya ciki.

Akwai hujja mai ƙarfi a ɓangaren mai wannan hoto, kuma ya kamata a saurare ta. Mutum yana da haƙƙin ya nuna wa mahaifiyarsa fuskar da za ta sa ta yi barci. Babu ɗan kirki da zai tura wa tsohuwa hotonsa a ƙarƙashin gada. Rufin asiri ɗabi'a ce mai kyau, kuma wanda ya yini ana yi masa tsawa yana da damar ya ga kansa fes ko da sau ɗaya a mako.

Amma hoton ba a hannun tsohuwa yake tsayawa ba. Ƙaninsa mai shekara 16 ma yana kallo, kuma shi ba kwanciyar hankali yake karantawa a ciki ba, gayyata yake karantawa. Kallon kitse yake yi wa rogo. Idan ya iso, sai ya tarar hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Kuma Legas ɗin da zai tarar ba wadda yayansa ya tarar ba ce. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin jihar ta taƙaita acaɓa da Keke Napep a wasu sassa. Daga 1 ga Yunin 2022 ta haramta acaɓa gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Lagos Mainland da Lagos Island da Apapa, sannan a watan Satumba na shekarar ta ƙara wasu huɗu. An kama babura masu yawa an murƙushe su. Sana'ar da ta ɗauki dubban matasan Arewa ta tsuke, amma hotunan da ke komawa gida ba su canja ba. Yaron da ya ci bashi ya sayi babur saboda abin da ya gani a waya, wa zai biya masa?

Babu mai cewa a daina ɗaukar hoton kwalliya. Abin da ake cewa shi ne kada ya zama shi kaɗai. Wanda ya tura hoton Lahadi, ya tura na Litinin ma, ko da ga ƙanne da abokai kawai. Wanda zai zo ya zo da idonsa a buɗe.

Idan kyamara tana hannun wasu

Ɗaya gefen matsalar ya fi ciwo. Ɗan Arewa a Legas yana yawan shiga hoto, amma ba kasafai yake shiga da yardarsa ba, kuma galibi a ranarsa mafi muni ne.

A ƙarshen watan Agustan 2019 jami'an gwamnatin Legas sun tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jihar Jigawa da babura 48. Hotunansu suka karaɗe shafukan sada zumunta, aka yi ta sharhi iri-iri a kansu. Daga baya aka sake su domin ba a same su da laifin komai ba. Labarin sakin bai yi tafiyar da hotunan kamen suka yi ba. Har yau wanda ya nema zai ga fuskokinsu a intanet a matsayin waɗanda ake zargi.

Haka abin yake duk lokacin da aka yi samame kan mabarata, ko aka yi rusau, ko rikici ya tashi a kasuwa. Ga kuma masu barkwanci a TikTok da Facebook da suka mayar da mai wankin takalmi da mai yankan farce da mai sayar da rake kayan wasa. A tsokane shi da Turancin da bai iya ba, a naɗi ruɗewarsa, a sa masa suna "aboki", kalmar da a bakin Bahaushe take nufin amini amma a titin Legas sau da yawa take ɗauke da raini. Mai bidiyon ya samu mabiya, shi kuwa bawan Allah bai ma san ya zama abin dariya ba.

Wanda ya san Legas ta irin waɗannan hotuna kaɗai zai ɗauka Bahaushe jiya ya zo, kuma bara ya zo yi. Tarihi bai faɗi haka ba. Tun garin ana kiran sa Ikko a bakin fatake Hausawa suke cikinsa. A 1863 Laftanar John Glover ya kafa wata ƙaramar runduna ta Hausawa a Legas, kuma daga wannan shekara Rundunar Sojin Najeriya take ƙirga shekarunta har yau. Tarihin unguwar Obalende yana haɗe da waɗannan sojoji. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912, cinikin goro da shanu ya kafa zangon Hausawa a Agege, inda yanzu akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su. Tumatir da albasa da attaruhun da ake sauke wa a Mile 12 kafin gari ya waye, su ne miyar da miliyoyin mutane ke ci da dare. Naman mayankar Oko-Oba ma haka.

Ina hotunan wannan rayuwa? Ina hoton dillalin tumatir yana lissafi da fitilar waya ƙarfe huɗu na asuba? Ina na makarantar allo a Idi-Araba, da ɗaurin aure a Agege inda ake gaisawa da Hausa da Yarbanci a tabarma ɗaya, da sahun Idi, da tela, da ɗan canji, da yarinyar da aka haifa a zango ta gama jami'a? Idan masu wannan rayuwa ba su ɗauka ba, babu wanda zai zo ya ɗaukar musu.

Birnin da ke goge sawunsa

Akwai dalilin gaggawa. Legas birni ne da ba ya jiran kowa, kuma ba ya ajiye tsohon abu don tunawa.

A watan Yulin 1990, zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, aka rushe unguwar Maroko, inda aka ƙiyasta kimanin mutum 300,000 sun rasa matsuguni. Yau wurin yana cikin filaye mafi tsada a ƙasar. A farkon 2009 gwamnatin Babatunde Fashola ta share Oshodi, kasuwar da ta mamaye titi da layin dogo ta ɓace cikin 'yan kwanaki. A 2012 aka rushe wani sashe na Makoko. Makarantar da ke yawo a kan ruwa da aka gina a can a 2013, wadda ta yi suna a duniya, ta rushe a 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi. Tsakanin 2016 da 2017 aka tashi mutanen Otodo Gbame. Manyan motocin molue da suka zama tambarin birnin sun kusa ƙarewa, jirgin ƙasa na cikin gari ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2 a 2023.

Ma'ana, rumfar mai shayin da baƙo ya fara karyawa a cikinta wataƙila ba za ta kai baɗi ba. Zangon da ya sauka yana iya zama rukunin benaye nan da shekara biyar. Ranar da katafila ta zo, hoto ne kaɗai shaidar cewa an taɓa rayuwa a wurin. Wani lokacin ma shi ne hujjar da za a riƙa a gaban hukuma ko kotu idan ana maganar diyya.

Kada wani ya ce abin da ke gabansa bai kai a ɗauka ba. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a Legas a 2014, ya fara ɗaukar hoton kitson mata a 1968, abin da kowa ke gani kullum ba ya kulawa. Ya tara hotuna kusan dubu, kuma an baje su a manyan wuraren nune-nune na duniya, har da na birnin Venice a 2013. A Maiduguri kuma, lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai bam da gawa, Fati Abubakar ta fara aikinta mai suna Bits of Borno a 2015, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki. Ba ta musanta yaƙin ba, ta dai nuna cewa akwai mutane a bayansa. Irin wannan aiki ne zangon Legas ke jira, kuma wayar da ke aljihun ɗan dako ta isa a fara shi.

Ba ko'ina ake ɗaga waya ba

Sai dai wanda zai yi wannan ya san inda yake. Legas ba ta yafe wa mai sakaci.

Waya a hannu kusa da tagar mota cikin gosulo tamkar kyauta ce ga mai fizge. A tashoshin mota da ƙarƙashin gadoji akwai 'yan tashar da ake kira agbero da sauran samarin unguwa, waɗanda ganin kyamara kaɗai ya isa su nemi kuɗi, ko su ƙwace ta. Baƙon da ba ya jin Yarbanci, kuma Turancinsa bai nuna ba, ba shi da bakin kare kansa idan aka ce leƙen asiri yake yi. A yanayin da ake ciki na zargin juna saboda matsalar tsaro, matashi ɗan Arewa da aka ga yana ɗaukar hoton coci ko makaranta ko gidan wani yana iya tara wa kansa jama'a cikin minti biyu, kuma taron titi ba ya sauraron bayani.

Barikin soja, ofishin 'yan sanda, shingen bincike, tashar jiragen ruwa da makamantansu, a bar su kwata-kwata. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta hana ɗaukar hoton wuraren tsaro ba tare da izini ba. Ko 'yan jarida masu katin shaida ba su tsira ba. A ranar 24 ga Oktoban 2020, kwanaki kaɗan bayan harbin Lekki, jami'an tsaro suka tafi da Pelumi Onifade, matashin ɗan jarida mai shekara 20, yana bakin aikin ɗaukar rahoto a yankin Agege. Bayan kwanaki iyalansa suka ce sun gano gawarsa a ɗakin ajiye gawa a Ikorodu. Babu hoton da ya kai ran mutum.

Sannan akwai ladabi. Kundin tsarin mulki ya ba da 'yancin faɗar albarkacin baki a sashe na 39, amma shi ne kuma ya kare sirrin mutum a sashe na 37. Wanda ya ji zafin a naɗe shi ba da saninsa ba, bai kamata ya juya ya yi wa wani haka ba. Mutanen Makoko sun gaji da baƙin da ke zuwa su ɗauki talaucinsu su tafi. Mai kifi a Oyingbo tana da mutunci kamar yadda mai rake yake da shi. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a yi sallama, a nemi izini, a nuna wa mutum hotonsa, idan ya ce a goge a goge. Yara sai da yardar iyayensu. Mara lafiya da mabaraci da wanda ke barci a titi, a sakaya su. Matar aure kuwa, kowa ya san hukuncin tun daga gida.

Abin mamaki, neman izinin nan shi ke gyara hoton. Mutumin da aka gaisa da shi, aka sayi goronsa, aka dawo washegari, fuskar da zai bayar daban take da ta wanda aka sace daga nesa.

Abin da ya rage a yi

Ga baƙo, aikin ba shi da tsada. Ya fara da inda yake: ɗakinsa, sana'arsa, abokan kwanansa, hanyar da yake bi kullum. Ya rubuta kwanan wata da sunan wurin a kan kowane hoto, domin hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ba rabin amfaninsa ya tafi. Ya ajiye kwafi a imel ko wata ma'ajiya ta intanet, saboda waya tana faɗawa kwata, ana sace ta, ana sayar da ita ranar da ciki ya matsa. Wanda ya samu hali ya wanke guda goma a takarda ya kai gida da Sallah.

Ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni irin su Mile 12 da Agege, lokaci ya yi da za su ɗauki wannan da muhimmanci. A gidajen tsofaffin zango akwai hotunan shekaru hamsin da sittin a cikin akwatuna, danshin Legas yana cin su. Matashi ɗaya mai waya mai kyau zai iya kwafe su cikin 'yan watanni, ya zauna da dattawa su faɗa masa waye wannan, ina ne nan, kafin su ma su tafi da abin da suka sani. Tun 2010 ake gudanar da bikin baje hotuna na LagosPhoto a birnin. Babu abin da ya hana wata rana a ga bangon da ɗan zango ya cika da hotunan zango.

Ga kafafen yaɗa labarai na Hausa kuma, bai kamata a riƙa tuna 'yan Arewa mazauna Kudu sai ranar da aka ƙona musu rumfuna ba. Wakilin da ke zuwa ranar rikici ya riƙa zuwa ranar da babu komai.

Gobe da asuba wata motar za ta sauko daga doguwar gada ta tunkari Berger, wani yaron kuma zai kai hannu aljihu. Ya ɗauki gadar, ya ɗauki danfo, babu laifi. Amma idan ya isa masauki, ya ɗauki tabarmar da aka shimfiɗa masa da mutanen da suka matsa suka ba shi wuri. Ƙaninsa yana da haƙƙin ya ga wannan kafin ya sayar da akuyar gida ya biya kuɗin mota.